Wai Shin Me Ake Nufi Da "I Love You"?

   Yau dai ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, magana ce nake so mu yi ta tsakaninmu, irin wadda ya da ƙanwa suke yi in sun shiga ɗaki sun turo ƙofa.

Tun ranar da littafina na farko ya shiga kasuwa saƙonni ba su yanke mini ba. Wata kukan kishiyar uwa za ta kawo, wata na auren dole, wata kuma so take in koya mata rubutu. Amma akwai tambaya guda da ta fi kowacce yawa, kuma ko daga Kano ta fito, ko Gusau, ko Maraɗi, kusan lafazinta ɗaya ne: "Anti, wani ya ce mini I love you. Don Allah kina ganin da gaske yake? Aurena zai yi?" Yawancin masu wannan tambaya ba su gama sakandare ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, har yau ba a samu ko ɗaya da ta tambaye ni ma'anar ita kanta maganar ba. Kowacce ta ɗauka ta sani, ai tun muna firamare aka koya mana love shi ne so, shi ke nan an wuce wurin. Ni kuwa a nawa ɗan tunanin, a nan gizo yake saƙar. In za ki sayi ɗan kunnen gwal sai kin sa an ɗora shi a sikeli an gwada miki, to don me maganar da za ta iya juya miki rayuwa gaba ɗaya za ki karɓe ta hannu bibbiyu babu awo? Shi ya sa na ce bari yau mu shimfiɗa tabarma mu zazzage ta, mu ga abin da ke cikinta da yadda masu harshen suke amfani da ita, tunda dai mu aro muka yi.

Kalmomi uku ne kacal, haruffa takwas. Ta farko tana nufin ni, wannan ba gardama. Ta ƙarshe kuwa, wato you, tun daga kanta za ki fara lura da wani abu. Bahaushe in ya ce "ina sonki" kin san da mace yake, kuma mace ɗaya. Ita you ba ruwanta, tana nufin ke, tana nufin kai, tana kuma nufin ku. Mawaƙi zai hau dandamali a Landan ya dubi dubban mutanen da bai san sunan ko ɗaya ba ya kwarma musu I love you, kuma bai yi ƙarya ba a ƙa'idar harshensu. Haka nan saurayi zai iya rubuta ta sau ɗaya a wayarsa ya tura wa 'yammata goma ba tare da ya canja ko harafi guda ba.

Sai uwar tafiyar, wato love. Tsohuwar kalma ce, ta haura shekara dubu a bakin mutanen Ingila, a tsohon Turanci lufu suke cewa. Ba wai ba su da wasu kalmomin ba ne, suna da su, amma a maganar yau da kullum ita ce jakin da ake labta wa kowane irin kaya. Da ita Bature zai ce yana son mahaifiyarsa, da ita zai ce yana son karensa, da shayi, da ƙwallo, da ƙasarsa, da matarsa. Girkawan da can kuwa kowane irin so da sunansa, na iyaye da 'ya'ya daban, na abota daban, na sha'awa tsakanin namiji da mace daban, sannan ga so na tsakani da Allah wanda ba ya jiran sakayya. Har wani marubucin Ingila, C. S. Lewis, sai da ya yi littafi sukutum a 1960 don kawai ya rarrabe wa mutanensa waɗannan guda huɗu, domin harshensu ya cusa su a buhu ɗaya.

Wata za ta ce ai mu ma haka ne, muna cewa ina son tuwo, ina son Inna. Gaskiya ne. Amma in magana ta zo kan namiji da mace, duba ki ga arzikin da Allah ya yi mana. Muna da so, muna da ƙauna, ga bege, ga shauƙi, ga kewa, ga marmari, ga tausayi, sannan ga sha'awa a can gefe guda. Ado Ahmad Gidan Dabino da ya sa wa littafinsa na 1991 suna In Da So Da Ƙauna, ai kin ga ya jera su ne a matsayin abu biyu, kuma babu Bahaushiyar da ta ce maimaici ya yi. Kowa ya san sha'awa da zarar ta biya bukata sai ta kama gabanta, so yana hawa yana sauka, ita kuwa ƙauna ita ce mai zama ko da kyau ya gushe, ko da aljihu ya bushe. To duk waɗannan, in saurayi ya ga dama, sai ya dunƙule su a cikin love ya miƙo miki, ke ki buɗe ki ga ƙauna, alhali shi sha'awa ya ƙunsa.

Su kansu masu harshen sun san da wannan ruɗani, shi ya sa suka yi wa abin matakala. In mutum ya ce I like you, yana nufin kin kwanta masa a rai, jininku ya haɗu, ba lallai ne ya wuce nan ba. In ya ce I love you, ya hau sama, amma har yanzu wa zai iya faɗa wa ƙanwarsa, aboki ya faɗa wa abokinsa. Wadda ba ta da wata fassara sai soyayya irin ta saurayi da budurwa ita ce I am in love with you. Har ma akwai maganar da suka saba yi in za a rabu, mutum ya ce yana da love ɗinki amma ba ya in love da ke, wato dai yana ganin mutuncinki amma wutar ta mutu. Sannan in aka yar da I ɗin aka ce love you kawai, to ta ƙara sauƙi, ita ce 'ya take faɗa wa uwarta in za ta kashe waya, ƙawa ta faɗa wa ƙawarta, kamar dai mu ce "sai anjima, a gaida gida."

Ba ta tsaya nan ba. A garuruwa da dama na Ingila, dattijuwa mai kanti za ta miƙo miki canji ta kira ki love, ta kira direban bas love, ta kira tsohon da ke bayanki love, ba ta san ɗayanku ba, kamar yadda mai kayan miya zai ce miki "'yammata" ko "Hajiya". A ƙarshen wasiƙa sukan rubuta love sannan su sa suna, ko da wa goggo aka rubuta. Suna da abin da suke kira puppy love, son 'yan kwikwiyo, wato soyayyar ƙuruciya da ba ta kai ko'ina. Suna da cupboard love, son kabad, irin wanda mage take nuna wa mai riƙe da makullin wurin ajiye abinci, mu kuma mu ce son abin hannu. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na wasan tanis. A can in alƙali ya ce love, to sifiri yake nufi, wato ba ka ci komai ba. Ranar da na fara jin haka na ce lallai, 'yammata nawa ne aka yi wa irin wannan love ɗin, aka tashi wasa suna da sifiri!

Yanzu mu dawo kan tambayarku, "Aurena zai yi?" 'Yar'uwa, ki juya kalmomin nan uku gaba da baya, babu aure a ciki, babu alkawari, babu ma gobe. Labari ne kawai mutum yake ba ki na abin da ya ce yana ji a zuciyarsa a wannan lokacin da yake magana. Su Turawan suna da tasu maganar daban ta neman aure, Will you marry me, a kawo zobe, a sanar da dangi. A wurinsu mutum zai iya shekara biyar yana faɗa wa mace I love you bai taɓa furta waccan ba, kuma ba wanda zai ce ya karya alkawari, domin bai ɗauka ba. Mu ne nan muke jin ta farko sai mu fara zaɓen kalar anko.

Akwai wata waƙa da duniya ta sani mai suna I Will Always Love You, wadda Whitney Houston ta rera a fim ɗin The Bodyguard a 1992, ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka. Har a wajen biki ana sa ta, amarya da ango suna murmushi. Amma wadda ta rubuta ta, Dolly Parton, a 1973 ta rubuta ta don yin bankwana da Porter Wagoner, mutumin da suka yi shekaru suna aikin waƙa tare a talabijin, lokacin da ta yanke shawarar barinsa ta kama gashin kanta. Kin ga ke nan har da "kullum" a cikin maganar, amma mai faɗar jakarta tana hannu, ƙafarta ɗaya tana waje.

Haka kuma a gaɓar teku kusa da birnin Boston na Amurka akwai wata hasumiya mai fitila a tsakiyar ruwa, ana kiran wurin Minot's Ledge. Tun 1894 fitilar take walƙawa sau 1, ta tsaya, sau 4, ta tsaya, sau 3. Da masoya suka ƙirga suka ga ya yi daidai da yawan haruffan I love you, sai suka laƙaba mata suna fitilar masoya, kuma har yau masu tura saƙo suna rubuta 143 da wannan ma'ana. Alhali waɗanda suka kafa fitilar ba soyayya ce ta dame su ba, gargaɗi suke yi wa matuƙa jiragen ruwa cewa akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwan nan, sun sha farfasa jirage, a yi nesa. Ni dai tunda na karanta wannan nake cewa ƙannena, in kun ga 143 ta walƙo a waya, to a rage gudu a duba ƙarƙashin ruwa.

To ta ina ma ta shigo mana? Ta makarantar boko, ta katin gaisuwa, ta littattafanmu, sannan uwa uba ta finafinan Indiya. Yayyenmu suna ba da labarin fim ɗin Saudagar na 1991, wanda a cikinsa aka taƙaita maganar zuwa haruffa uku, ILU, aka yi waƙa da su. Su ma Indiyawan da suke da kalmominsu na so, in jarumi ya zo wurin da ya fi nauyi sai ka ji ya juya harshe zuwa Turanci. Yau kuma ga waya a hannun kowa, abin ya zama kamar ruwan famfo.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa saurayin da ko gaisuwar kirki ba zai iya haɗawa da Turanci ba, in ya zo nan wurin sai ya ari bakin Bature. Amsar da na samu ita ce kunya da nauyi. "Ina ƙaunarki" tana da nauyi a harshen Bahaushe, kafin ta fito sai ya haɗiyi yawu, sai ya sunkuyar da kai, domin da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa yake magana. Ita kuwa ta aro kamar rigar aro ce, a sa a yi kwalliya a tuɓe. Ashe ma ba mu kaɗai ba ne. Wani farfesa a Jami'ar Landan, Jean-Marc Dewaele, ya wallafa bincike a 2008 inda ya tambayi mutum 1,459 masu jin harsuna fiye da ɗaya, a wane harshe ne wannan magana ta fi yi musu nauyi a zuciya. Kusan rabinsu suka ce a harshen da suka tashi da shi. Saboda haka in ya faɗa miki da Turanci, ba laifi ki yi murmushi ki ce, "Malam, ban ji ba, fassara mini da Hausa." Wallahi za ki sha kallo. Wani zai kama in'ina, wani zai mayar da abin wasa, mai gaskiya kuwa zai faɗa ko da gumi yana keto masa.

Aron harshe yana da wani haɗarin kuma, wanda na gani da idona. Muna aji biyar a makarantar kwana ina da wata ƙawa, yarinya mai kunya da ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Akwai wani yaro a unguwarsu da yake aiko mata da wasiƙa, tunda an hana mu riƙe waya. Na taɓa ƙirga I love you sau goma sha ɗaya a wasiƙarsa guda, shafi ɗaya da rabi. Da aka yi hutu ta zauna ta rubuta masa amsa, ba wani abin ashsha a ciki, gaisuwa ce da fatan alheri da cewa ya dage da karatu. Sai dai a ƙasa ta rufe da Your lover, kamar yadda ta ga manyanmu na aji shida suna yi, ita a zatonta "masoyiyarka" ta rubuta. Ta ba ƙaninta ya kai, aka yi rashin sa'a ya yi kiciɓis da babban wansu a zaure, ɗan jami'a. Ya karɓa ya karanta, bai zame ko'ina ba sai gaban mahaifinsu.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a Turancin yau in aka ce wance lover ɗin wane ce, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai ji shi ne suna tarayya irin ta miji da mata, galibi kuma ba da aure ba. In an haɗa ta da wani abu, kamar mai son littafi ko mai son kiɗa, ba komai, amma tsakanin namiji da mace kalma ce mai datti a jiki. Haka wan nata ya fassara wa mahaifinsu. Tsohon nan ya yi shiru, sannan ya ce ta gama boko, kuma kafin azumi zai aurar da ita ga ɗan ƙaninsa. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka har muryarta ta dushe, mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Muka koma makaranta gadonta yana nan a naɗe. Sai da goggonta, wadda malamar firamare ce, ta je ta ɗauko malamarmu ta Turanci takanas suka zo gidan, malamar ta yi wa mahaifin bayani cewa rabin 'yan ajin haka suke rubutawa ba tare da sun san nauyinta ba, sannan ya sauko. Amma zango guda cur ya wuce ta.

Shi kuma gogan mai sha ɗaya fa? Da mahaifin ya aika a gaya masa in da gaske yake ya turo magabatansa, sai ya ce shi fa yaro ne, karatu yake, dama ƙawance ne kawai. Daga ranar ko a hanya ya hango ta sai ya canja layi. Alhamdu lillahi ta koma ta gama, yanzu haka tana aikin jinya, amma har yau in ta tuna sai idonta ya kawo ruwa. Don haka ƙannena, kada ki sa hannu a ƙarƙashin kalmar da ba ki buɗe ƙamus kin duba ba. Haka nan ki kiyayi make love. A tsofaffin littattafan Turanci tana nufin zuwa zance da neman aure, amma a yau ba ta da wata ma'ana sai kwanciyar miji da mata. Duk wanda ya rubuto miki ita ya zage ki ne, ko da ya yi mata ado da furanni.

Su ma 'yan damfara sun daɗe da gane cewa babu ƙofar da wannan magana ba ta buɗewa. A ranar 4 ga Mayu, 2000, wani saƙon imel ya fito daga birnin Manila na ƙasar Filifin, kansa yana ɗauke da ILOVEYOU, a ciki kuma an maƙala wani abu wai wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai ƙwayar cutar kwamfuta ta shige masa, ta lalata masa hotuna da wasu ajiye-ajiyensa, sannan ta aika kanta ga duk mutanen da yake da adireshinsu. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta sama da miliyan 10 a duniya, har majalisar dokokin Ingila sai da ta rufe imel ɗinta. Wani ɗalibi ne ya ƙirƙire ta, burinsa ya saci kalmomin sirri na shiga intanet. Ki duba fa, manyan ma'aikata masu digiri, da furfurarsu, suna ganin an ce ana sonsu hannu ya riga hankali. Kuma abin bai tsaya ba, domin a 2022 kaɗai hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ce kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar an yaudare su da soyayyar ƙarya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. In haka ta faru da masu harshen, ina ga 'yar aji huɗu da wani baƙo ya faɗo mata a Facebook ko WhatsApp, kwana uku da sallama ya fara zuba mata zuma, kwana bakwai ya ce ta turo hoto?

Kada kuma saurin furtawa ya ruɗe ki. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Joshua Ackerman da abokan aikinsa, sun gano cewa duk da mutane suna zaton mata ne ke fara faɗa, maza ne suka fi riga furta ta. Sun kuma gano cewa mazan da ba dogon zama suke nema ba sun fi murnar jin ta daga bakin mace tun kafin wani abu ya shiga tsakani, domin a wurinsu alama ce ta ƙofa ta kusa buɗewa. Mai hankali dai ta gane.

Ba fa cewa nake duk wanda ya faɗa maƙaryaci ne ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ni kaina ina sa ta a bakin taurarin littattafaina, kuma na ji mijin yayata ya faɗa mata ita a asibiti, bayan shekara takwas da aure, ya kwana uku a kan benci yana jiran ta farfaɗo. A wannan wurin kalmar ta yi kyau, domin aiki ne ya riga ta isowa, ita rakiya kawai ta yi. Na taɓa tsokanar kakata na ce, "Iya, wai Malam ya taɓa ce miki yana sonki kuwa?" Ta jefe ni da mafici ta ce, "Ke tafi can, marar kunya!" Can da ta nisa sai ta ce, shekara arba'in da wani abu bai taɓa dawowa daga kasuwa ba tare da ya ɓoyo mata wani abu a aljihu ba, ko da goro ɗaya ne, kuma shekarar da ta yi doguwar jinya saniyarsa guda tilo ya sayar. Ta ce, "To in ba so ba ne wannan, ke gaya mini sunansa."

Kuma in kin lura, Bahaushe ma yana da tasa I love you ɗin, har ta fi ta Bature tsada. Sunanta "na gani ina so". Amma ba a lungu ake raɗa ta ba, ba a waya da tsakar dare ba. Manya ne suke sa babbar riga su zo da rana tsaka, su yi sallama a ƙofar gidanku, su zauna gaban iyayenki da goro da kuɗi su faɗe ta a madadinsa. Daga nan a yi bincike, a sa rana, a kawo lefe, a biya sadaki gaban shaidu. Kowane mataki akwai abin da yake fita daga hannunsa, akwai kuma mutanen da zai ji kunyarsu in ya janye. Ta Turancin kuwa ko sisi ba ta ci masa, in ban da kuɗin data.

Saboda haka ga amsata ga duk masu tambaya, a dunƙule. In ya ce miki I love you, kada ki firgita, kada kuma ki narke. Babu dokar da ta ce sai kin mayar da I love you too, ko a wurin Turawan ma mace tana iya cewa ta gode ta yi shiru. Ki riƙe tambayoyi uku a zuciyarki. Ta farko, wane iri ne daga cikin kayan da ke buhun, ƙauna ce ko sha'awa ko son kabad? Lokaci ne zai nuna miki, don haka kada ki yi gaggawa. Ta biyu, a gaban wa zai iya maimaitawa? Wanda ya ce kada ki gaya wa kowa, ko yayarki, ko mahaifiyarki, to ya riga ya ba ki amsa. Ta uku, me ya biyo bayanta? In abin da ya biyo baya shi ne "in dai kina sona ki zo ɗakin abokina", ko "ki turo hoto", ko "ki bar makarantar nan haka", to ba so ya kawo ba, ƙugiya ce aka soka wa tana. Mai ƙaunarki shi zai fi kowa son ya ga kin riƙe takardar shaidarki a hannu, kin fita da mutuncinki, domin yana lissafin uwar 'ya'yansa ce.

Ke kuma da kike shirin faɗa wa wani, ki tuna magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, ita ba ta goguwa, yau tana wayarsa gobe tana wayar abokansa. Ki adana taki har ranar da za ta yi daraja, ranar da za ki faɗe ta a ɗakinki, da Turanci ko da Hausa, duk wanda ya fi miki daɗi.

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba. Wadda take da ƙarin bayani ko wata kalmar da take so mu zazzage tare, ƙofa a buɗe take, ta rubuto. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, ya haɗa kowacce da mai ƙaunarta na gaskiya, amin.

Taku har kullum.